Sakatar Bakin Rami

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina a Janfalan, ko da yake babu wanda ya taɓa kawo mini maganar a cikinku, kuma na gode da wannan kara da kuka yi mini. Ana cewa mahaifinku ya bar tsohonsa kwance ya tafi bin aikin Turawa, bai dawo ba sai da aka share makoki. Ba ƙarya aka yi mini ba, amma ba a faɗi duka ba. Sauran labarin, ban da ni da 'yar yayana Ladi, mutum uku ne suka san shi, kuma duk sun riga ni gidan gaskiya. Yanzu da idona ya fara gajiya, hannuna kuma ba ya iya ɗaga masaɓa, na ga gara in zauna in rubuta muku da kaina, kada ku gaji labarina a bakin wasu.

Gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni. Kakanku, wanda muke kira Baba, mutum ne marar yawan magana. Yakan wuni a maƙera bai ce komai ba sai amsa gaisuwa. In ka yi kuskure ba ya faɗa, sai ya karɓi ƙarfen a hannunka ya mayar da shi wuta, wannan shi ne faɗansa. Mu biyu ne maza a wurinsa, ni da Yaya Garba da ya girme ni da shekara huɗu. Yaya bai gaji Baba ba ko kaɗan. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai dariya da ƙarfi, zaman maƙera yana gundurarsa. Ni nake tsayawa wajen wuta, shi kuwa ranar kasuwar Makarfi yake jira, ya ɗora garemani da fartanyoyi a kan jaki, ya je ya sayar da su tas kafin la'asar saboda daɗin bakinsa. Yana da mata, Asabe, 'yar Kudan, da 'yarsu Ladi wadda a lokacin take koyon tafiya. Ni kuma ban daɗe da auren mahaifiyarku Hajara ba. Inna, wato kakarku, ita ce muryar gidan. In Baba ya yi shiru, ita ke fassara mana shirun nasa.

A kakar da aka sami mulkin kai, maganar da ke bakin samari ita ce ƙasa ta buɗe, kowa ya fita ya nema. Wani mutumin Nasarawan Doya ya dawo daga duwatsun da ake haƙar kuza ta wajen hanyar Jos, ya zauna a kasuwa yana ba da labarin barikin da ya yi aiki, cewa ana neman majiya ƙarfi, ana kuma neman maƙera masu wasa diga. Yaya ya dawo gida da labarin a bakinsa, ya yi kwana uku yana zagaya Baba. A ƙarshe Baba ya yarda mu je ci-rani, da sharaɗin mu dawo kafin ruwan shuka. Muka ce to. Da ruwan ya matso sai Yaya ya ce mu ƙara wata ɗaya, ni kuma ban saba musa masa ba, muka aika gida da ban haƙuri.

Yawancin masu kuza a fili suke haƙa, su wanke ƙasa da ruwa. Amma kamfanin da muka shiga ya bi kuzar ne har ƙarƙashin dutse. Sun haƙa rami miƙaƙƙe kamar rijiya, zurfinsa in ka jefa tsakuwa sai ka ƙosa kafin ka ji faɗuwarta. A tsakiyarsa akwai mashiga ɗaya, a ƙasa akwai wata, daga nan ne ma'aikata ke bin hanyoyi zuwa inda suke sara. Abin da ke kai mutane da kaya shi ne wani akwatin ƙarfe da ake kira keji, rataye da igiyar ƙarfe, inji na jan sa sama yana sakin sa ƙasa. Mai tuƙa injin wani mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, sunansa Yohanna, wanda ɗakinsa ke kusa da namu a bariki, har muka saba muna cin tuwo tare. Daga inda yake zama ba ya ganin cikin rami, da ƙararrawa ake yi masa magana: a ja waya ta buga sau ɗaya ya tsaya, sau biyu ya saukar, sau uku ya ɗago. A bakin ramin daga sama an yi rumfar kwano, an kewaye shi da shingen ƙarfe mai ƙyaure ɗaya. Abin da ke riƙe ƙyauren nan sakata ce kawai, irin wadda ake sa wa ƙofar shago. Kowa na iya zare ta, ko keji na nan ko ba ya nan. Akwai mai gadin ƙofa da aka ajiye don haka, kuma duk tsaron da ke tsakanin mutum da ramin shi ne idon wannan bawan Allah.

Ranar wata Talata ce da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗauko digogin da na wasa zan miƙa a saukar da su. Na tarar mai gadin ƙofa ba ya nan, ya ruga ya rufe tagar ɗakinsa. Daga nesa na hango Yaya yana jawo kurar ƙarfe cike da itatuwan tokare rami. Da baya yake tafiya yana jan ta, ya lulluɓa buhu a ka, ruwa na dukan sa. Cikin rumfar da duhu-duhu, ƙarar ruwa a kan kwano kuwa ba ka jin maganar na kusa da kai. Na ji ƙararrawa ta buga sau ɗaya, na ga igiya ta tsaya. A zuciyata keji ya iso. Ban leƙa ba. Abin da ke raina kawai shi ne in raba yayana da ruwan nan. Na zare sakata, na ture ƙyaure, na ɗaga murya na ce:

"Yaya, taho, a buɗe take."

Kejin a mashigar tsakiya ya tsaya. Yaya bai waiwaya ba, don ni na kira shi. Ya wuce ta gabana har buhun kansa ya shafi hannuna, sai ya tafi cikin ramin, kurar ta bi shi.

Ba zan rubuta muku yadda aka fito da shi ba. Mutanenmu na bariki suka yi masa wanka, aka yi masa salla bayan azahar, aka rufe shi a gefen wani tudu bayan barikin, inda ake rufe baƙi. Washegari Baturen da ke kula da injuna ya tara mu yana tambaya ta bakin tafinta. Baturen nan muna kiran sa Mai Lofe. Aka ce mai gadi ya bar ƙofa, aka sallame shi a take. Yana kuka yana rantsuwa cewa a rufe ya bar ta, ni ina tsaye ina jin sa, na bar shi da laifin. Daga baya na yi cigiyarsa shekaru, ban same shi ba, wannan ma yana wuyana. Da aka watse Yohanna ya biyo ni bayan maƙera. Ashe ta tagar ɗakin inji ya ga komai.

"Maƙeri, na gani," in ji shi. "Ba zan faɗa ba, wannan tsakaninka ne da Allah. Amma ka sani, shekarata shida a kan injin nan, kai ne mutum na uku da na ga ya zare sakatar nan keji ba ya nan. Biyun farko Allah ya tsare. Ƙofar da kowa zai iya buɗewa, wata rana wani zai buɗe."

Na ɗaure kayan Yaya a tabarmarsa na kamo hanyar gida. Kwana biyu na yi, na sauka a Ikara na ƙarasa da ƙafa. Labari ya riga ni. Na tarar da maza zaune a ƙofar gida, Baba a tsakiyarsu. Na durƙusa na ajiye tabarmar a gabansa. Ya ɗora hannu a kai ya daɗe, sannan ya ce Allah ya jiƙansa, ya tambaye ni ko an samu jama'a wajen salla. Na ce an samu. Bai ƙara tambayata komai ba. A cikin gida Asabe ta shiga takaba, tana zaune fuskarta ga bango, Ladi na yawo tana kama zanen kowa. Inna, wadda tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba saboda kunyar ɗan fari, ta riƙe rigarsa tana cewa Garba, Garba, a hankali, kamar tana koyon sunan. Kowa ya yi ta yi mini sannu, wai ni na ga abin da idona. Kowace sannu kamar a ɗora mini garwashi take. Na yi niyyar faɗa wa Baba gaskiya ya fi sau goma. In na buɗe baki sai in ga yadda ya rame cikin mako guda, in ce bari sai gobe.

Na koma maƙera don damina ce, manoma na jiran gyaran garma, amma hankalina ba ya wajen. Maganar Yohanna ce ke yi mini yawo. Na riƙa zana ƙyauren a ƙasa da tsinke, in share, in sake. Abin da nake nema shi ne sakatar da ba za ta zaru ba sai keji yana tsaye a bakin ramin, ko wa ya ja ta, ko don wane dalili. Wata rana da walaha, bayan addu'ar arba'in, ina tsugune ina zanen ban san Baba na tsaye a kaina ba. Ya tambaye ni mene ne wannan. Na bayyana masa ramin da kejin da ƙyauren, na nuna masa dabarar da na yi: wani ɗan ƙarfe da sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai mayar da kanta, zai riƙa turawa cikin sakata ya kulle ta, in keji ya iso ya danne sifirin ɗin ya sake ta. Baba ya tsuguna, abin da gwiwarsa ba ta so. Ya karɓi tsinken ya share sifirin ɗin.

"Wannan zai gaji," ya ce. "Wurin da ruwa, zai yi tsatsa ya karye, ranar da ya karye kuwa ƙofar a buɗe za ta zauna ba wanda ya sani. Ka sa harshe mai nauyi, ya faɗa cikin sakatar da kansa. Keji ya zo ya ɗaga shi. In wani abu ya lalace, a kulle za ta lalace."

Ya zana dogon hannu mai juyawa a kan ƙusa, bakinsa ɗaya ya leƙa cikin rami inda kafaɗar keji za ta ture shi, ɗaya bakin yana ɗauke da harshen. Ya ce haka tarkon gafiyar da mahaifinsa ke ƙerawa yake, sai dai a juye. Na yi ta kallon zanen, na ga abin da na yi wata guda ina nema ya fito cikin layi huɗu. Sai ya sake tambayata:

"Ka hana a buɗe in keji ba ya nan. To in ƙofa na buɗe, keji ya tafi fa?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Muka zauna a kai har azahar ta yi, Inna ta aiko da fura ba mu sha ba. Muka tsaya a kan cewa sakatar in an zare ta, gindinta ya je ya danne wayar ƙararrawa, yadda ba wanda zai iya buga wa mai inji ya tafi sai an mayar da ƙyaure an kulle. Tunda na girma ban taɓa yin doguwar magana da Baba irin ta ran nan ba, kuma ban sake ba. Na ga fuskarsa ta saki, har ya yi mini gardama a kan kaurin ƙusa, ya ce ni yaro ne ban san ƙarfe ba. Da za a ba ni zaɓin rana ɗaya in sake rayuwarta, wannan zan ɗauka.

Kwana biyu bayan haka na ce masa ina so in koma in ƙera abin. Muna zaune a zaure.

"Sale, ni na tsufa," ya ce. "Ɗaya ya tafi. Ka zauna mana."

Tunda nake Baba bai taɓa roƙona komai ba. Na sunkuyar da kai na ce wata biyu kawai zan yi. Ya tashi ya shiga gida. Inna ce ta yi faɗan. Ta ce ramin da ya ci mata ɗa guda shi zan koma wa, ta ce Turawa ba su da maƙera ne sai ni, ta ce in dubi Asabe, in dubi Hajara da ke da ƙaramin ciki, in dubi gonar da ciyawa ta fara ci. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Mahaifiyarku kuwa ta daka mini ƙuli-ƙuli da yaji ta ɗaure a tsumma. Abin da na ƙulla a raina shi ne, in na gama sakatar, in na tabbatar ba wanda zai sake yin abin da na yi, zan dawo in durƙusa gaban Baba in faɗa masa komai, da wani abu a hannuna ban da laifi. Da safe na je yi masa sallama a maƙera. Ya miƙo mini awartakinsa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa, ya ce na Turawa ba ya riƙe ƙaramin ƙarfe da kyau.

Wata biyun nan sun zama biyar. Da farko Mai Lofe ko saurarona bai yi ba. Ya ce irin wannan makulli a ƙasarsu ake yin sa, sun rubuta a aiko tun bara, sai dai a jira jirgi. Yohanna ne ya tsaya mini. Ya je ya ce masa shi ba zai ci gaba da tuƙa inji yana kallon ƙofar nan ba, ma'aikatan cikin rami kuma suka fara gunaguni. Lokacin abubuwa sun fara canzawa, Bature ba ya iya kawar da kai ga maganar ma'aikata kamar da. Ya ce in yi, amma bayan na gama aikina na wasa diga, da guntayen ƙarfen da aka zubar. Haka na riƙa yi daga la'asar zuwa magariba. Na farkon da na ƙera, keji ya zo da ƙarfi ya lanƙwasa hannun. Na biyu ya yi aiki kwana tara, laka ta cika ramin harshen ya ƙi faɗawa. Na yi masa rufi, na huda ƙasansa yadda laka za ta zube. Na uku sai keji ya tsaya daidai-wa-daida yake buɗewa, in ya ɗara da faɗin yatsa ya ƙi, ma'aikata suka yi ta zagina don ina ɓata musu lokaci. Na sa wa bakin hannun ƙaramar ƙafa mai juyawa, na tsawaita kafaɗar kejin. Duk gyaran da zan yi sai in ji kamar Baba na tsaye a kaina zai karɓi ƙarfen ya mayar wuta. In na ɗaga kai in ga hadari ya taso daga gabas, sai in ce yanzu ana huɗa a gida, yanzu gero ya yi kai, yanzu Kudan sun fara yankan rake. Ba a taɓa yin baƙon da ya ƙagu da gida kamar ni ba, kuma ba abin da ya ɗaure ni sai ni kaina.

Ran da aka gwada na huɗun, Mai Lofe ya zo da kansa. Aka saukar da keji, ya kama sakata ya ja da hannu biyu har fuskarsa ta yi ja, ba ta motsa ba. Aka ɗago keji, muka ji harshen ya ɗaga, ya ja ta da yatsa biyu ta zare. Ya bar ƙyauren a buɗe ya ja wayar ƙararrawa, ta ƙi jawuwa. Ya maimaita ya fi sau ashirin, sannan ya cire lofen daga bakinsa ya tambayi wa ya koya mini. Na ce mahaifina. Ya ce a yi irinta a mashigar tsakiya da ta ƙasa. Da na ce zan tafi gida, sai Yohanna ya tuna mini cewa mutane sun fi shiga da fita a mashigar tsakiya, wurin kuma ya fi duhu. Na ƙara mako uku. Ina cikin ɗaura ta ƙarshe wani direban babbar mota ya kawo mini wasiƙa da ajami, rubutun limaminmu, layi biyu: Baba ba shi da lafiya, in zo. Wasiƙar ta yi kwana goma a hanya. Na bar kayan aikina a nan na hau motar da ta kawo ta.

Daga Ikara na kama hanya da sauri ana yankan dawa a gonaki. Tun kafin in shiga gari na gane, don mutanen da na gaisar a gona ba su tambaye ni hanya ba, sai suka ce ya haƙuri. Baba ya cika kwana tara da rasuwa. An yi bakwai an tashi. Maƙera a rufe, toka ta yi sanyi. Asabe ta fita takaba, 'yan'uwanta sun zo sun tafi da ita Kudan da Ladi. Mahaifiyarku ta fito da tsohon ciki ta karɓi ƙunshina ba ta iya kallona ba. Dattawan unguwa suka amsa gaisuwata a taƙaice, daga ranar kuma maganar da kuka taso kuna ji ta samo asali. Ban ga laifinsu ba. Abin da suka gani ke nan.

Washegari da hantsi na sami Inna a bayan ɗaki tana sussukar gero ita kaɗai. Na karɓi taɓaryar ta hana ni. Na tsuguna na ce ina da maganar da na zo da ita don Baba, tunda ban same shi ba zan faɗa mata. Na faɗa mata komai, da ruwan, da ƙararrawar, da abin da na ce wa Yaya. Ba ta daina sussuka ba sai da na gama. Sannan ta jingine taɓaryar ta zauna a kan turmi.

"Ai ya sani," ta ce.

Na tambaye ta wa ya gaya masa.

"Ba wanda ya gaya masa. Tun kafin ka koma ya ce mini, wanda ɗan'uwansa ya mutu ta sakacin wani, dole ya ambaci wanin nan ko sau ɗaya, ko da zagi ne. Kai kuwa kwana arba'in ba ka ambaci kowa ba. Ya ce kada in tambaye ka. Da ciwo ya kama shi na ce a aika maka tun da wuri, ya hana. Ya ce a bar yaron nan ya gama, in bai gama ba ba zai iya zama a gidan nan ba ko ya dawo. Sai da ya daina gane mutane na sa liman ya rubuta."

Na ce to ita fa. Ta ce ta yi wata uku ba ta son jin sunana, sannan ta tuna cewa tun muna yara in aka fara ruwa ni nake ruga wa Garba da malafa gona. Ta ce Allah ya riga ya rubuta, ta yafe, in tashi in buɗe maƙerar ubana kafin gara ta cinye zuga-zugin. Na tashi na buɗe. A nan na yi sauran rayuwata, a nan kuka same ni, ban sake kwana a wani bariki ba.

Yohanna ya riƙa aiko mini da gaisuwa har shekarar da kamfanin ya tashi, kuma duk saƙonsa yakan haɗa da cewa ƙofar na nan lafiya, ba a sake rasa kowa ta bakinta ba. Na yi murna da hakan, har yanzu ina yi. Amma kada in yi muku ƙarya in ce ya cike mini gurbi. Mutanen da sakatar ta tsare ban san su ba, su ma ba su san an tsare su ba. Wanda na sani shi ne tsohon da ya ce in zauna, ya kuma hana a kira ni. Na yi shekara hamsin da wani abu ina tsara maganar da zan yi masa, har yau in ina alwala sai in ji ina gyara ta. Ladi na faɗa mata da bakina bayan ta yi aure, a gidanta a Kudan. Ta yi kuka, ta ce ba ta ma tuna fuskarsa, ta roƙe ni in kwatanta mata shi. Na wuni ina kwatantawa. Ku riƙe ta da 'ya'yanta da kyau, ba ta da wasu 'yan'uwan uba sai ku.

Abu ɗaya ya rage da nake nema a wurinku. Baba da Inna da mahaifiyarku duk suna nan bayan gari, ina zuwa musu duk Juma'a da sandata. Yaya ne kaɗai ke can cikin baƙi, kuma tun ranar da na bar barikin ba wanda ya je masa daga gidan nan. An ce ramin ya cika da ruwa, barikin ya zama gonaki, wataƙila ba za a gane kabarin ba. Ba komai, tudun zan gane. In an gama girbin bana, wanda ya sami sarari a cikinku ya ɗauke ni a mota ya kai ni. Ba zan daɗe ba. Zan yi masa sallama, in yi masa addu'a, in gaya masa Ladi ta yi jikoki, mu juyo kafin la'asar.